Ba a Fafe Gora Ranar Tafiya

Da aka ce kowannenmu ya kawo abin da za a sa a shafin Hausa na wannan mujalla, na daɗe ina shawara a raina. Waɗansu sun ɗauki tarihi, waɗansu tatsuniya, ni kuwa abin da ya yi ta dawo mini shi ne labarin wani yaro da na zauna gidansu a ƙasar Amurka, da irin wahalar da ya sha shi kaɗai domin ya rage wa aikinsa abin da bai kai rabin daƙiƙa ba. Na san wani zai ce, mene ne rabin daƙiƙa har da za a ɓata takarda a kansa? To, ku yi mini haƙuri ku ji, gama ni ma haka na ce da fari.

A watan Agusta na 2018 aka tura ni Jihar Ohio cikin shirin musayar 'yan makaranta, na yi wata goma ina karatu a makarantar sakandare ta wani ƙaramin gari. Aka saukad da ni gidan wani manomi mai 'ya'ya uku. Babbansu sa'ana ne, shekararsa 16, ɗakinmu guda, tare mu kan tafi makaranta mu komo. Yaro ne mai kawaici, ba shi da yawan magana sai fa in an taɓo wasan da su ke kira besbol.

Ya kamata in bayyana wasan kaɗan, don waɗanda ba su taɓa ganinsa ba. Filin yana da kusurwa huɗu, tsakanin kowace kusurwa da ta gaba ƙafa 90. Ɗaya ita ce gida, sauran ukun kuwa bari in kira su zango na fari, na biyu da na uku. Mai jifa ya kan tsaya a tsakiya, ƙafa 60 da inci 6 daga gida, ya wurgo ƙwallo. Ɗan wancan ɓangaren yana tsaye a gida da kulki, yana neman ya buge ta ya ruga zango na fari. Bayan mai kulkin nan akwai wani a tsugune, ya sa lifidi a ƙirji, da makarin fuska na ƙarfe, da makarin ƙwauri, da wata safar hannu ta fata mai kauri. Shi ne mai cafewa, duk ƙwallon da mai kulki ya kuskure wurinsa ta ke zuwa. Wannan shi ne aikin abokina tun yana ɗan shekara tara.

To, a cikin wasan akwai abin da su ke kira sata, kuma halal ce a dokarsu. Wanda ya riga ya sami zango na fari ba lalle ne ya jira a bugi ƙwallo ba. Da ya ga mai jifa ya ɗaga ƙafa, yana iya sheƙawa zuwa zango na biyu. Sai mai cafewa ya karɓi ƙwallo, ya zabura daga tsugune, ya jefa wa ɗan'uwansa da ke can, shi kuma ya taɓa mai gudun da ita kafin ya isa. Daga gida zuwa zango na biyu ƙafa 127 ne da inci 3 da 'yan kai. Mai gudu na ƙwarai ya kan cinye hanyarsa cikin kimanin daƙiƙa uku da rabi, ko ƙasa da haka. Mai jifa ya riga ya ci wajen 1.3 kafin ƙwallo ta iso gida. Abin da ya saura wa mai cafewa daƙiƙa 2 ne kacal. Yadda su ke awonsa kuwa, daga ƙarar da ƙwallo ta yi a safarsa zuwa ƙarar da za ta yi a safar na zango na biyu. Tun 2015 aka kafa na'urorin awo, masu suna Statcast, a dukan filayen manyan ƙwararru, suka nuna matsakaicinsu yana wajen daƙiƙa 2, gwanayensu kuwa, irin su J. T. Realmuto, su kan sauka ƙasa da 1.9. Ɓarayin zango ma suna da sarkinsu, Rickey Henderson, wanda ya saci zango 130 a shekarar 1982 kaɗai.

A watan Oktoba malamin wasa ya kira abokina, ya gwada shi da agogon awo sau biyar, ya sami 2.35. Ya ce masa, "Yaro, ba ni da wanda ya fi ka iya tare ƙwallo, amma duk makarantun da ke kewaye sun gane ana yi maka sata yadda aka ga dama. Ga wani ƙaramin yaro nan tafe, shi 2.15 ya ke yi. In watan Maris ya zo ba ka sake ba, sai ka zauna a benci." Daren nan bai ci abinci ba. Ina jinsa yana juyi bisa gado har na yi barci.

Wahalar abin ita ce, daga Nuwamba har Fabrairu ba a wasan nan a ƙasarsu, gama dusar ƙanƙara ta rufe fili. Abokan wasansa kowa ya kama wani wasa na cikin ɗaki, gidan kuma yana bayan gari. Ba mai jefo masa, ba mai karɓa. Ni da ke kusa ban iya ba. Ranar da na gwada cafewa sai da tafin hannuna ya kwana uku yana zogi. Saboda haka ya ɗaura aniyar yi shi kaɗai. Bayan gidan akwai wata tsohuwar rumfar katako inda a ke ajiye tarakta. Ya share gefe guda, ya rataye raga, ya cika bokiti da ƙwallaye.

Nan ya yi kuskurensa na fari, irin wanda galibin matasa kan yi. A ganinsa sauri ƙarfi ne, ƙarfi kuwa a damtse ya ke. Kowace yamma ya kan shiga rumfa cikin sanyin nan mai ratsa ƙashi, ba ya ko motsa jiki tukuna, ya yi ta narka wa raga ƙwallo iyakar ƙarfinsa, ɗari ko fiye. Mahaifinsa ya yi masa magana sau biyu, ya ce, "Ɗana, ko doki a kan sauke masa sirdi." Ya ce, "Baba, lokaci ne ba ni da shi." Bayan mako uku gwiwar hannunsa ta dama ta fara ciwo ta ciki, ya ɓoye. Wata safiya a farkon Disamba na ga ya kasa ɗaga butar madara.

Likita ya duba ya ce jijiyar da ke riƙe da gwiwar hannun ta ciki ce ta wahala, amma Allah ya taƙaita ba ta tsinke ba. Ya gaya masa ita ce wadda aka yi wa wani mai jifa, Tommy John, aiki a kanta a 1974, har aikin ya ci sunansa, wanda aka yi wa kuwa ya kan yi shekara ko fiye bai koma wasa ba. Ya yanka masa mako shida kada ya jefa kome, ko da ɗan dutse ne. Muka komo gida cikin mota ba wanda ya ce uffan.

Ashe, wani hani ga Allah baiwa ne. Da ya rasa abin yi sai ya zauna yana ta kallon hotunan wasanninsa na bara da mahaifiyarsa ta ɗauka da waya. Ni kuwa ba abin da na sani a wasan, amma tun ina Midil lissafi ne abincina. Na tambaye shi, "Wai daƙiƙa 2.35 ɗin nan, nawa ƙwallo ke ci a iska, nawa ta ke ci a hannunka?" Ya ce bai taɓa rabawa ba. Wayar tana ɗaukar hoto 30 a kowace daƙiƙa, saboda haka muka riƙa matsawa ɗaya ɗaya muna ƙirgawa. Daga shigar ƙwallo safarsa zuwa fitarta daga yatsunsa muka sami hoto 31, watau daƙiƙa guda da ɗan ɗoriya. Ƙwararru kuwa kimanin 0.7 su ke ci a nan.

Sai na ɗauko takarda. Na ce, in ƙwallo tana gudun mil 70 a awa, ƙafa 103 ke nan a daƙiƙa, za ta ci wajen 1.24 kafin ta yi ƙafa 127, ban da abin da iska ke rage mata. In ka ƙara mil 5, ta koma ƙafa 110 a daƙiƙa, za ta ci 1.15. Watau duk wahalar ƙara mil biyar, wadda kan ɗauki yaro watanni, ribarta ba ta kai kashi ɗaya cikin goma na daƙiƙa ba. Ga kuma kashi uku cikin goma a zube tsakanin safarka da ƙafafunka, ba mai tsaronsu. Mai gudun ƙafa 25 a daƙiƙa kuwa, kowane kashi ɗaya cikin goma ƙafa biyu da rabi ka ba shi kyauta. Ya daɗe yana duban takardar, sa'an nan ya ce, "Ashe ba a hannu ɓarawon ya ke ba." Abin daɗi kuma, duk abin da ke gabanin jifa likita bai hana ba.

Sai ya rarraba aikin gunduwa gunduwa. Na fari, ɗauko ƙwallo daga safa. Ƙwallon besbol ba sumul ta ke ba, fata ce guda biyu aka haɗa da jan zare, ɗinki 108, ɗinkin ya lanƙwasa kamar kofaton doki. In ana so ta tafi sak, sai manuni da yatsan tsakiya su gitta bisa ɗinkin, babban yatsa yana ƙasa. In an kama ta wani wuri dabam sai ta karkace a hanya. Ya kan zauna ya cilla ta sama kaɗan, ya cafe, ya juyo bakin safa wajen hannun dama daidai tsakiyar ƙirji, yatsu su lalubo ɗinki ba tare da ido ya duba ba. Ɗari biyu kowane dare. Yana yi muna hira, yana yi yana bitar darasi, har mahaifiyarsa ta hana shi zuwa da ita wurin cin abinci. Dā ya kan kai hannun dama ya bi ƙwallo can gaba, sa'an nan ya jawo duka biyu. Yanzu ya koyi barin ƙwallo ta iso jikinsa, gama ta fi hannu sauri.

Na biyu, ƙafafu. Ya ja layi da alli a daɓen rumfa, miƙe daga inda ya ke tsugune zuwa raga, ya jingina wani tsohon madubi a bango. Ya sake irin tsugunonsa: in akwai mai niyyar sata, ba a zama bisa dugadugai, sai a ɗaga ƙugu har cinyoyi su yi daidai da ƙasa, hannun dama a dunƙule bayan safa don kada ƙwallo ta karya yatsa. Daga nan taki biyu ne tak. Ƙafar dama ta yi ɗan gajeren taki ta sauka bisa layin, cikinta yana duban zango na biyu. Ta hagu ta bi ta miƙe gaba. Kafaɗar hagu ta nuna inda za a jefa. Madubi ya nuna masa wani aibi da bai san yana da shi ba, watau ya kan miƙe tsaye cak tukuna, kāna ya jefa. Sai ya ɗaure igiya a gicciye daidai tsawon da ya kamata kansa ya tsaya, duk sa'ad da hularsa ta taɓa igiya ya san ya ɓata, ya sake.

Na uku, haɗa biyun. Ya kan tsuguna nesa kaɗan da bango, ya sa ƙanensa ko ni mu jefa ƙwallon roba ta dawo masa. In ba kowa, ya cilla da ƙasa-ƙasa da kansa. Ya cafe, ya ɗauko, ya taka, ya tsaya hannu a ɗage bai saki ba. Wayar tana jingine bisa bokiti tana ɗauka, kowace Asabar ya ƙirga hotuna ya rubuta a jikin katako: 31, 29, 29, 27, 28, 25. Akwai makon da ya koma baya, ya yi fushi ya jefad da safa, amma kashegari na ji motsinsa a rumfa tun da sauran duhu, ni kuwa na tashi alwala.

A tsakiyar Janairu likita ya sallame shi, da sharaɗin ya koma jifa sannu sannu. Wannan karo ya ji magana. Kafin ya taɓa ƙwallo ya kan yi minti goma yana jan igiyar roba don tsokokin kafaɗa su yi ɗumi. Ya fara da jifa 25 a ƙafa 45, yini guda a yi, yini guda a huta. Ya kan durƙusa bisa gwiwa ya jefa, don ya ji yadda ƙarfi ke tasowa daga juyin ƙugu. Ya zana ɗan murabba'i a jikin raga daidai tsawon gwiwa, gama jifa mai sauri da ta bi ta saman kai ba ta kama kowa. Ranar da sanyi ya lafa, sai ya ɗauki bokiti ya fita bayan gona, ya jefa duka wajen shinge, ya taka ya tsince, ya ƙara nisa kaɗan. A nan ne ya ba ni labarin Johnny Bench, wanda ya yi wa kulob ɗin Cincinnati wasa a jihar tasu, ana kuma lissafa shi cikin mafifitan masu cafewa. Tun yana yaro a wani ƙauye na Oklahoma mahaifinsa ya sa shi ya riƙa jifan ƙafa 254, watau ninki biyu na nisan zango na biyu, don in ya zo ga ainihin nisan ya zame masa wasa.

Amma akwai haɗari cikin aikin kaɗaici, kuma ba zan ɓoye shi ba. A watan Fabrairu ya kai wa malamin wasa hoton aikinsa yana murna. Malamin ya duba sau biyu, ya ce, "Madalla da ƙoƙari. Amma dubi ƙafarka ta hagu, tana sauka hagu da layi, shi ya sa ƙirjinka ke buɗewa da wuri, nauyi ya koma kan gwiwar hannu." Ashe ya maimaita wannan kuskure sau dubbai, har ya zauna masa. Sai da ya yi mako uku yana warware abin da ya ƙulla da kansa. Nan take na tuna makarantar allo. Malam ya kan biya maka, ka koma gefe ka yi ta maimaitawa kai kaɗai, gama ba mai haddace maka. Amma dole ka komo gabansa ya saurara, don in ka riƙe wasali a karkace ka yi ta nanatawa, cire shi ya fi koyonsa wuya. Maimaici ba ya zaɓe, abin da ka ba shi ya ke dasawa, daidai ko kuskure.

A watan Maris aka fita fili. Malamin ya danna agogo sau biyar, mafi kyau 2.06, mafi muni 2.14. Ɗaya yaron ma bai kwana ba, ya yi daidai da haka, saboda haka aka raba musu wasannin. A wasan farko da aka sa abokina, ɓarawon fari ya tsira, gama ɗoki ya sa ya jefa sama. Da na biyu ya taso kuwa, ban ga lokacin da ƙwallo ta bar hannunsa ba, sai ƙara biyu na ji kusan a manne, alƙalin wasa ya ɗaga dunƙulallen hannu, watau an kama. Mahaifinsa da ke kusa da ni bai yi ihu ba, sai ya cire hula ya mayar. Mutane sun ga daƙiƙa biyu. Ni na san wata huɗu na gani.

Abin da ya sa labarin nan ya dawo mini yanzu shi ne gwajin koyarwa da aka tura mu a zangon karatun da ya wuce. Sau uku a jere ƙararrawa tana kama ni ban gama darasi ba. Na ce a raina maganin abin in ƙara saurin magana in ɗaga murya. Na yi haka, muryata ta dushe, yara kuma suka ƙara ruɗewa. Ina kwance da dare sai na tuna rumfar katako, na ce, kai, ashe ni ma ragar na ke narka wa ƙwallo! Kashegari na roƙi wani ɗan'uwa ya zauna a baya da agogo. Cikin minti 35, ya sami tara sun tafi wurin neman alli, da share allo, da laluben shafi, da rabon littattafai, da tsayawa ina tunanin abin da ke biye. Sai na riƙa komawa ajin da la'asar sa'ad da ba kowa. In rubuta a allo in juyo, in yi wa kujeru tambaya, in shirya kayana bisa tebur yadda hannu zai same su ba da duba ba. Kuma saboda na tuna ƙafar hagun abokina, na je na roƙi ɗaya daga malamanmu ya zo ya dube ni. Ya kuwa samo mini nawa aibin, wai ina magana fuskata na duban allo.

Saboda haka, 'yan'uwa, ga ɗan abin da na tsinta. In aiki ya ƙi sauri, kada ka fara da ƙara ƙarfi; rarraba shi tukuna ka ga inda lokaci ke zuba, sau da yawa a wurin da ba ka zato ya ke. In ka gano, ka keɓe ka yi ta maimaita ƙaramin abin nan da ba mai yabonka a kansa, gama yau da gobe ka sa allura ginin rijiya. Ka ba jiki hakkinsa na hutu. Sa'an nan kada girman kai ya hana ka kai aikinka gaban wanda ya fi ka sani. Nan gaba kaɗan kowannenmu zai tsaya gaban 'ya'yan mutane, ranar kuwa ba ranar koyo ba ce, ba a fafe gora ranar tafiya.

Abokin nan nawa bai zama shahararre ba. Ya gama makaranta ya kama noma tare da mahaifinsa, da yamma kuma yana koya wa ƙananan yaran garinsu cafewa. A wasiƙarsa ta ƙarshe ya ce har yanzu lambobin nan suna nan a jikin katako, ya hana a shafe. Allah ya ba mu haƙurin gyara ƙananan abubuwa, ya sa mu amfani waɗanda za a danƙa mana, amin.